Kwalin da ke Tsakanin Kifaye Biyu

Shekarun baya, ina sabon zuwa Dubai, na zauna a wani flat a Al Ras, mu shida, kowa da ƙasarsa. Aikina rubuta lamba a jikin kayan 'yan kasuwa a wani ofishin cargo da ke Deira. Gadon da ke kusa da nawa na wani mutumin Tailan ne, kuku a otal, wanda sai a wuni ba a ji muryarsa ba. A bakin taga yana da kwalabe biyu masu faɗin baki, kowace da kifi ɗaya da bai kai ɗan yatsa ba, ɗaya shuɗi ɗaya ja. Tsakanin kwalaben kuwa ya soka guntun kwalin shayi.

Kullum da safe sai ya zare kwalin. Kifayen su hangi juna ta gilashi, su kumbura, su baza wuya kamar zakaru, launinsu ya ƙara fitowa. Bayan minti biyar ya mayar da kwalinsa ya tafi aiki. Da na tambaya, ya ce kifayen faɗa ne. A ƙauyensu ana haɗa su gasa, amma a nan motsa jiki kawai yake ba su. Shuɗin kuma jinin kifayen mahaifinsa ne, wanda ya rasu shekara guda kafin nan. Wani ɗan uwansa ya kawo masa, kuma a cikin kifayen mahaifin shi kaɗai ya rage.

Wannan magana ta tayar da hira a ɗakin. Wani direba ɗan Afganistan da muke zaune tare ya ce su makwarwa suke haɗawa ranar Juma'a da safe, kowa ya zo da tasa cikin keji lulluɓe da zane. Wani ɗan Filifin ya ce su zakaru ne, har wuƙa ake ɗaura musu a ƙafa. Ni kuwa na gyara zama na yi musu wa'azi mai tsawo a kan zaluntar dabba. Ban dai faɗa musu cewa ina yaro har katanga nake hawa don kallon karon raguna ba.

Da hutunsa ya zo, maƙwabcin nawa ya bar mini amanar kifayen na sati uku. Ya nuna mini ƙwayar abinci, uku da safe uku da yamma, da busasshen ganyen da yake sakawa a ruwan. "Habibi, kwali, minti biyar kawai," in ji shi. Bai ce kada in haɗa su ba. A garinsu ko yaron goye ya san wannan.

Sati na farko komai lafiya. Sai ranar da nake waya da mahaifiyata ta bidiyo, na juya mata kyamara ta ga kwalaben.

"Wannan wane irin rashin imani ne?" ta ce. "Halittar Allah a kwalba ita kaɗai? Kai da ka yi kiwon tantabara, ka taɓa ganin an bar ɗaya ba abokin zama?"

Maganar ta zauna mini daram, don dama abin yana raina. A gidanmu ko kaza ba a sayen guda ɗaya. Na kuma ce a raina, ai raba su da ake yi ne ya sa suke ganin hanjin juna, in suka saba shi ke nan. Na je kasuwar Naif na sayo babbar tasa ta gilashi. Ranar Juma'a na juye su ciki su biyu, na fesa turare na tafi masallaci, ina jin na samu lada. A hanyar dawowa ma sai da na tsaya na ci shinkafa.

Na tarar da shuɗin kwance a gefe guda, jelarsa duk a yayyage, jan yana zagaya shi. Kafin la'asar ya mutu.

Abokina, wani ɗan Kano da muke aiki tare, ya ce, "Haba malam, kifi ai kifi ne. Yalla, mu je mu sayo wani, khalas, shi ke nan." Muka je shagon masu kifin ado, na zaɓi shuɗin da ya fi kowanne kyau, mai jela har tana jan ƙasa kamar babbar riga. Ko kusa ban lura cewa na asalin gajeriyar jela gare shi ba.

Ranar da maƙwabcin nawa ya dawo, jakarsa a kafaɗa ya kalli taga sau ɗaya.

"Wannan na ado ne. Ina nawa?"

Na faɗa masa komai, har da tantabara. Bai ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ya yi: tsawon wane lokaci na bar su tare? Na ce kamar awa uku.

"A wajenmu mai kifi yana tsaye da ludayi a hannu," ya ce. "Da ɗaya ya juya baya, khalas, an kwashe shi. Tun ina yaro ban taɓa ganin kifi ya mutu a hannun mahaifina ba."

Direban ya ce su ma haka ne, makwarwa na gudu ake kifa mata keji. Ɗan Filifin dai ya ci gaba da gugarsa.

Har yau ra'ayina bai sauya ba, ba na son a haɗa dabbobi faɗa. Amma a bakin tagar nan, duk mutanen da na yi wa wa'azi babu wanda ya kashe komai. Ni mai tausayin ne na kashe, don na ɗauka abin da na sani game da tantabarun Kano ya isa in yanke wa kifin Tailan hukunci. Yanzu in na ga wani ya sa shinge a inda ban gane dalili ba, ina fara tambaya.

Maƙwabcin nawa ya riƙe kifin adon, ya mayar da kwalinsa, muka ci gaba da gaisawa kamar da. Bai sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Da hutunsa ya zagayo wata shekara, ina zaune ya ɗauki kwalaben biyu, ya wuce ta gaban gadona, ya ajiye su a wajen direba.