Kifin Baba mai ruwa

'Yan uwa, yau na yi abin kunya gaban surukina, har yanzu ban fito daga ɗaki ba.

Da safe maigida ya aiko da kifin gwangwani guda uku daga shagon Sani na ƙofar gidanmu. Kun san ni, don man nan nika son shi, in kwaɓa da yaji in ci da burodi. Na buɗe na farko, ruwa tsululu. Na biyu, ruwa. Na uku ma haka.

Na zari hijabi, na ɗauki guda, sai shago.

Na ce, "Sani, ka ji tsoron Allah. Masu nono su zuba muna ruwa, kai ma ka tsiyaye mai ka zuba ruwa?"

Ya ce, "Hajiya, gwangwani a rufe ya zo. Ta ina na shiga?"

Ban saurare shi ba, na ci gaba da zuba. Har ɗan algus na kira shi, mutane sunka taru.

Sai na ji gyaran murya a bayana. Baba ne, mahaifin maigida, zaune kan benci. Daga Kebbe ya zo ganin likita, ni da shi ko ido ba mu haɗawa!

A hankali ya ce, "Ɗiyata, nawa na. Ni na ce a sawo mai ruwa. Likita ya hana ni mai."

Na durƙusa.

Ya ce, "Ba komai, a kawo mani sauran biyun."

Sauran biyun da na riga na bulbula wa man gyaɗa.