Santimita Goma

A wurin aiki Tazara suke kiran Ummata, kuma wallahi sunan ya dace da ita. Shekara talatin tana zana shingen ƙarfe na baranda a wani ƙaramin kamfanin walda. Da can da fensir take jera sanduna ɗaya bayan ɗaya har wuyanta ya ƙage. Da kwamfuta ta zo, aka ce tsohuwa sai gida. Ina! Wata biyu ta yi tana kokawa da ita har ta iya.

Yanzu sanda guda take zanawa, ta rubuta nawa take so da tazarar da ke tsakani, ta danna, sai ga su reras kamar haƙoran matsefi. In barandar mai zagaye ce, su bi da'ira su haɗe. A gurbin tazara kuwa goma take rubutawa, santimita goma, ko wa ya kawo aikin.

Ran nan mai kamfanin ya tsaya a kanta, ana aikin wani bene mai hawa huɗu.

"Hajiya, mayar da tazarar sha biyar. Ƙarfe ya yi tsada. Wa zai zo ya auna?"

"Kan yaro zai auna," ta ce, ko waiwaye babu.

"Lamba ɗaya ce fa!"

"A nan ɗaya ce, ranka ya daɗe. A can baranda arba'in ce."

Ya ba ta zuwa la'asar, ko ta canza ko ta ajiye makulli. Umma ba ta da wata sana'a, ta kuma sani sarai. Sai ta kira ni a waya, ni da nake uwar 'ya'ya biyu, wai in zo yanzu yanzu. Raina ya ɓaci, don na tsani a zuba mini ido.

Na shiga ina jan ƙafar hagu, yadda nake janta tun ina shekara uku. Masu walda suka kashe inji.

"Ga sha biyar ɗinka," in ji Umma, tana nuna ƙafata. "Daga hawa ɗaya kawai ta faɗo, ta tsakanin sanduna. Ni na zana wancan shingen. Aka ce in faɗaɗa, na faɗaɗa."

Sai ranar na ji wannan.

Ta tura masa madannan kwamfutar, ta ɗora makulli a kai.

"Bismillah. Rubuta da hannunka."

Ya dubi allon, ya dubi ƙafata. Hannunsa bai fito daga aljihu ba.