Saƙon Baba ga Mai Ciwon Gwiwa

Ina tsaye a kedai, wato ɗan shagon abincin da ke ƙasan benenmu a unguwar Sentul, ina jiran a ƙulle mini shinkafa da kifi, sai wayata ta yi ƙara. Yayana ne daga gida. A nan azahar ta yi, can kuwa gari bai daɗe da wayewa ba, kuma Yaya ba ya kira a irin wannan lokaci. Ya yi sallama, ya tambayi yara, ya tambayi maigidana. Sannan ya ce, "Sai haƙuri fa. Baba lokaci ya yi."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai shagon ya miƙo mini ledar, na karɓa, har na yi masa godiya. Sai da na shiga lifta kuka ya ƙwace mini.

Baba maharbi ne, ɗan maharbi. Daga baya gwamnati ta ɗauke shi gadin gandun daji, ta ba shi kaki da wata tsohuwar bindiga mai nauyi, irin wadda ake jan ƙarfen gefenta baya a tura gaba kafin kowane harbi. Shi sakata yake ce wa ƙarfen, bindigar kuma mai sakata. Da ya yi ritaya ya mayar musu da abarsu, amma kafaɗarsa ta dama ba ta koma daidai ba. Ta sauka ƙasa, har wuyan rigarsa yakan zame ta wannan gefe.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake cewa. Bayan mun zo ƙasar nan karatun maigidana, hirarmu ta koma saƙon murya, domin Baba ba ya rubutun boko. Wata rana ya aiko mini:

"Uwata, wani tsohon abokin aikina ya ce yanzu ana ƙera mai sakata da ba ta kai taɓarya nauyi ba. Na ce ƙarya yake. Ke da kike inda ake sanin komai, ki bincika mini."

Na bincika. Na tarar da wani shafi inda masu irin bindigogin suke haɗuwa, yawancinsu Turawa, kowa yana faɗin yadda ya ga tasa. Iyakar karatuna sakandare, Turancina na lallaɓawa ne. Nakan karanta layi ɗaya sau biyu, in duba kalma, sannan in faɗa wa Baba da Hausa.

Wani ya ce tun da ya sayi mara nauyin yake hawa dutse ba ya haki. Wani ya ce tasa ta shure shi har kafaɗarsa ta yi baƙi, domin bindiga in ta rasa nauyi duk ƙarfin harbin jikin mutum yake komawa. Wani ya ce bakinta siriri ne, daga harbi na uku ya yi zafi harsashi ya fara bauɗewa. Akwai wanda ya ce jikinta na roba ne, in reshe ya taɓa ta sai ta yi ƙara kamar bokiti, nama ya gudu.

Baba bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin bindigogin ba, kuma ya san ba zai taɓa riƙe su ba. Wannan bai hana shi yanke hukunci ba.

"Harbi na uku?" ya ce. "Me yake harbi har sau uku? Ki ce masa ya koma sayar da goro."

Mai maganar bokiti kuwa ya samu yabo. "Wannan ya shiga dawa da ƙafarsa. Ki gaishe shi."

Ban taɓa gaishe da kowa ba, don ban taɓa rubuta komai a shafin ba. Karatu kawai nake yi. Amma akwai mutum ɗaya da Baba ya riƙe a ransa, wani dattijo da ya rubuta cewa gwiwarsa ta lalace, ba ya iya yawo da tsohuwar bindigar da mahaifinsa ya bar masa. Yana tambaya ko ya sayar da ita ya sayi mara nauyi. Mutane suka yi ta ba shi shawara, wannan ya ce sayar, wancan ya ce kul. Baba ya sa masa suna mai ciwon gwiwa. Duk saƙon da zai aiko sai ya ce, "Ina labarin mutumina? Ya sayar?"

Maigidana bai so wannan karatu ba. Ranar da ya leƙa wayata ya ga hotunan, sai ya riƙe kai.

"Don Allah ki rufa mana asiri. Muna ƙasar mutane da koren fasfo, ke kuma kina buɗe shafin bindigogi. In aka tsayar da ke aka duba wayar nan me za ki ce? Babanki ne ya aike ki?"

"To ai shi ya aike ni."

Ya yi dariya ba don ya so ba. Amma daga ranar na daina karantawa a gida. In na kai yara makaranta sai in sauka a Titiwangsa, in samu benci a bakin tafkin inda ba kowa kusa, in karanta, in yi wa Baba saƙon da murya ƙasa-ƙasa. In na ga mai wucewa sai in kife wayar a cinya.

Kwana ɗaya kafin rasuwar ya aiko saƙo mai tsawo. Na ga shigowarsa, na san zancen da ke ciki, maigidana kuma yana gida ranar. Na ce sai na fita.

An binne shi kafin mu yi la'asar a nan. Ba halin tafiya, don haka a falonmu na yi zaman makoki. Washegari mata suka cika shi. Maza suna ƙasa tare da maigidana. Hajiya ta zo tun daga Sri Petaling da tukunyar tuwo da miyar kuka. Matar wani malamin jami'a ce, ta girme mu duka, ita muke kai wa ƙara ita muke jin kunya. Maƙwabciyata 'yar ƙasar nan, wadda muke ce wa makcik, wato goggo da yarensu, ta kawo kayan zaƙi a faranti ta zauna daga gefe da carbinta. Na haɗa wayata da 'yar sifikar yara, karatun Alƙur'ani yana tashi a hankali.

A gida, masu zuwa gaisuwa su suke ba ka labarin mamacinka. Wannan ya ce ya taɓa yi mini kaza, wancan ya ce tare muka yi kaza. A nan ba wanda ya san Baba. Sai abin ya juya, ni ake tambaya. Wata amarya da ba ta daɗe da zuwa ba ta ce, "Allah ya jiƙansa, Anti. Me yake yi ne?"

Na ce, "Ma'aikacin gandun daji ne, ya yi ritaya."

Ba ƙarya na yi ba. Haka nake faɗa tun zuwana. Iyayen matan nan malamai ne da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Kuma a shekarun nan, in ka haɗa daji da bindiga a magana ɗaya, kowa ya san abin da ke faɗo wa mutanenmu a rai. Akwai wadda aka taɓa sace ƙaninta a hanya a cikin masu zaman.

Ana cikin haka na ga saƙo ya shigo daga lambar Baba. Yaya ne yake riƙe da wayar, saboda masu gaisuwa ita suke kira. Na ɗauka bayanin jana'iza ya aiko. Idona da hawaye, na danna na sama maimakon na ƙasa. Karatu ya tsaya. Muryar Baba ta cika falon.

"Uwata, kin tashi lafiya? Ya 'yan jikokina masu Turanci? To, jiya na kwana da maganar mutanen nan naki. Wanda ya ce bindiga ta shure shi, ki tambaye shi, rungume ta ya yi ko daga nesa ya tsaya kamar mai gaida surukarsa?"

Wata ta yi dariya, ta yi sauri ta toshe baki da mayafi.

"Ita mai sakata a jiki ake manna ta. Ranar da na harbi ɓaunar nan da ta addabi ƙauye, kina goye a lokacin, ja ɗaya na yi, ƙwas, na tura, ƙwas, sai daram!"

Ya yi ƙarar da bakinsa da ƙarfi, yadda yake yi mana muna yara. Makcik ta ɗago kai. Na ga idon amaryar ya koma kan wadda aka sace wa ƙani. Na laluba wayar, ta zame ta faɗi a kan kafet, shi kuwa yana ta magana.

"Sai mutumina mai ciwon gwiwa. Wannan karon ki rubuta masa, Uwata, kada ki ce kunya. Ki ce wani tsoho ɗan'uwansa ya ce kada ya sayar da ta mahaifinsa. Abin da zai yi shi ne, ya samu..."

Na danna. Ya yi shiru.

Ana jin ƙarar jirgin ƙasa daga tasha. Makcik ta tambaye ni da ɗan Turancinta ko wane ne. Na ce mahaifina ne. Ta ce me yake cewa, ta ji yana raha. Na ce gaisuwa yake yi. A gaban mata sama da goma masu jin Hausa na faɗi haka. Ta dafa ƙirji ta yi masa addu'a. Na mayar da karatu, aka ci gaba da zama.

Da la'asar aka fara watsewa. Hajiya ce ta ƙarshe. Na raka ta bakin ƙofa da tukunyarta a hannuna, tana neman takalminta a cikin na yara. Ba ta dube ni ba ta ce, "Maharbi ne ashe."

Na ce, "E, Hajiya."

"Allah ya yi masa rahama. Mutum ne mai daɗin baki." Ta sa takalmi ɗaya, ta tsaya. "Mun zo gaisuwar mutumin da ba mu sani ba, Allah ya kawo mana shi har cikin ɗaki. Da kin bari ya ƙarasa, 'yata."

Ta karɓi tukunyarta ta tafi. Ba faɗa ta yi mini ba. Da faɗan ne da ya fi mini sauƙi.

Na gaya wa maigidana abin da ya faru. Ya ce, "Kawo mu saurara tare. In rubutun ne ni zan rubuta miki da Turanci mai kyau." Na san har ransa yake nufi, na kuma san yana jin nasa rabon na kunyar. Na ce ba yanzu ba.

Bayan sadakar arba'in na koma bencina a Titiwangsa. Na buɗe shafin, wannan karon ban kife wayar ba ko da masu motsa jiki suka zo wucewa. An ci gaba da gardama kamar ba abin da ya faru. An samu sabon mai ƙorafin shuri. Mai ciwon gwiwa ya sake rubutu: ya je shago ya ɗaga mara nauyin, ya ji kamar abin wasan yara, ya ajiye ya dawo gida. Har yanzu bai yanke shawara ba, yana tambaya ko akwai wanda ya taɓa shiga irin halinsa.

Na fita daga shafin na buɗe wurin saƙonnin Baba. Alamar tana nan a inda na tsayar da ita, ta ɗan wuce tsakiya. Abin da ya rage shi ne kaɗai maganarsa da ban taɓa ji ba. In na saurara, shi ke nan, ba wata sabuwa. Na kuma san da wane hannu na katse shi, da dalilin da ya sa.

Ban ƙarasa jin saƙon ba, kuma ban rubuta wa mai ciwon gwiwa ba.