Mai Ido Huɗu da Shirwar Falwaya

A wurin aiki ba mai kiransa da sunansa. Mai Ido Huɗu ake ce masa, kuma ba don tabarau ba, domin har ya tsufa bai taɓa ɗora gilashi a karan hancinsa ba. Hular kwanonsa ce ta jawo masa. A ƙeyarta ya zana manyan idanu biyu da farin fenti, ya ɗiga musu baƙi a tsakiya, ta yadda in ya ba ka baya sai ka ji kamar ana hararar ka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana hawan falwaya a kamfanin wuta. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta, maganarsa kuwa sai ka roƙa.

Akwai wata falwaya a bayan mayanka, daidai inda layin masu walda ya ƙare, ita ke ɗauke da taransifomar unguwar. A wurin shirwa babu gidan da ya fi nan: ga tarkacen nama a gefe, ga tsayin da ba mai damun ta. Kowace shekara sai ta yi sheƙa a kan ƙarfen da ya gitta saman falwayar. Shirwa kuwa ba ta da zaɓe a wajen gini. Tsinke ne, tsumma ne, leda ce, tsohuwar safa ce, duk kwashewa take yi, har da guntayen wayar da masu walda suka zubar. Wayar nan ita ce masifar. Da ta zazzago ta haɗa layi biyu sai ka ji tau, wuta ta ɗauke, mai injin niƙa ya fito yana zage-zage, tela ya rungume hannu.

A shekararsa ta biyu da fara aiki aka tura shi ya sauke sheƙar. Lokacin jini na tafasa, yana son a ce ya iya. Aka kashe layi, ya haye kamar biri, ya sa doguwar sanda ya ture ta ko leƙawa bai yi ba. Sai da ya sauko ya ga abin da ya aikata. 'Yan tsaki biyu ne kwance a kan kwalta, farin gashin jarirai bai ma gama zube musu ba, ɗaya na buɗe baki yana rufewa. Uwar tana ta shawagi a sama, tana wani siririn kuka mai karkarwa. Abokan aiki suka ce ya shigo mota rana na yi.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana shayar da 'yarsu ta fari, wadda ba ta wuce mako uku a duniya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ɗan bakin nan na buɗewa yana rufewa. Aka ajiye masa abinci, har ya huce bai taɓa ba. Bai gaya mata komai ba sai bayan shekaru. Abin haushin kuma, ba a yi kwana goma ba shirwar ta sake gini a wuri ɗaya, da wayar da ta fi ta da yawa, wuta ta sake ɗaukewa. An yi ba a yi ba ke nan.

Daga nan ya ƙirƙiro tasa hanyar. Tunda ba sheƙar ce ke kashe wuta ba, wayar cikinta ce, to a cire wayar a bar sheƙar. A baki abu ne mai sauƙi. A aikace kuwa wayar ce ke riƙe da ginin, in ka fizge ta gaba ɗaya komai zai watse. Sai ya riƙa hawa da damin tsinke a ɗaure a ƙugu da filaya a aljihu. Ya zare waya ɗaya a hankali, ya cusa tsinke a gurbinta, ya danna ya ji ta zauna, sannan ya nemi ta gaba. Sau biyu ko uku yake yin haka a shekara, duk ranar da aka kashe layin don wani gyara.

Kada ka zaci shirwa ta gode masa. Ina! Tana ganin ya doshi 'ya'yanta sai ta lula sama ta dawo ta baya, ta kai masa yakushi a ƙeya. Akwai tabo uku a bayan wuyansa da ɗaya a kunne, duk nata ne. Da ya lura ba ta taɓa zuwa ta inda ido ke kallonta, sai ya nemi fenti ya yi wa hularsa idanu. Tun daga ranar sai dai ta taho da gudu, ta ga an tsura mata ido, ta karkace ta wuce tana masifa.

Haka ya zama masanin tsuntsayen da ke cin nama ba tare da ya shiga aji ba. Ba abin da ke sa shi magana kamar a nuna shirwa a ce shaho. Nan take zai ce a dubi wutsiyar, ta shirwa a tsage take, shaho kuma ba ya tsayawa jiran tarkacen mahauta, da ransa yake son abinsa. Ya san gaggafa tun daga nesa, ya san ungulu ba ta kisa sai dai ta share abin da ya mutu. Wani abokin aikinsa da ake kira Dogo, mai bakin tsiya, shekara ashirin yana tsokanarsa. Da sun doshi bayan mayanka zai leƙa ta tagar mota ya ce, "A rage gudu, mun iso gidan surukan Yaya."

A gida ma bai tsira ba, domin matarsa kaji take kiwo a bayan ɗaki. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, to mai kazar ta fi ta. Duk ranar da aka sure mata ɗan tsako sai ta tare shi tun daga ƙofa.

"Malam, mutanenka sun zo gaisuwa, sun tafi da ɗaya."

"Ba tawa ba ce. Tawa a mayanka take ci."

"Ka duba katin shaidarta ne?"

Sai ya yi murmushi ya ɗauki guduma ya je ya ƙara wa akurkin raga.

Saura wata huɗu ya yi ritaya jiri ya ɗebe shi a kan tsani. Allah ya sa bel ɗinsa na ɗaure. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, hawan falwaya kuma ya ƙare. Aka mai da shi sito, yana miƙa filaya da safar hannu ga mutanen da shi ya koya wa ɗaura bel. Hular ya rataye ta a ƙusa, idanun suna kallonsa yini guda. Ba ya son kallonta, kuma ya kasa sauke ta.

A wannan shekarar ba wanda ya taɓa sheƙar. Ruwa ya fara sauka, wayar ta jiƙe, wuta ta ɗauke sau biyu a mako ɗaya. Sabuwar Injiniya, wata matashiya da ba ta son wasa a aiki, ta rubuta a allo cewa ranar Alhamis za a kashe layin na awa ɗaya a sauke sheƙar. Shi kuwa ya riga ya bi ta wurin da ƙafa, ya ga kawuna biyu suna leƙowa. Ya san ko mako uku aka ba su za su tashi da fikafikansu.

Ya sami Injiniyar a ofis, ya tsaya yana murza hannu kamar mai neman aiki.

"Ranki ya daɗe, akwai 'ya'ya a ciki."

"Na sani, Baba. Amma akwai asibitin haihuwa a kan layin nan. Shekaranjiya da fitilar waya suka karɓi haihuwa."

Ya san gaskiya ta faɗa. Duk da haka ya bayyana mata yadda yake yi, waya ɗaya tsinke ɗaya, da yadda shirwa ke sake gini in an rushe. Ta saurare shi har ƙarshe tana juya biro.

"Awa ɗaya ce dai, ba zan ƙara minti ba," in ji ta. "In akwai wanda ya yarda ya yi irin naka a cikinta, bismillah. Amma ban da kai, Baba. Ko matakin farko ban yarda ka taka ba."

Ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya a sito. Wannan ya ce bayansa na ciwo, wancan ya ce idonsa biyu ne kacal kuma yana son abinsa. Dogo ya yi dariya ya ce shi ba a ɗauke shi aikin renon tsuntsu ba.

Ranar Alhamis da hantsi motar ta tsaya a bayan mayanka, sai ga Mai Ido Huɗu zaune a kan dutse yana jiransu, hula a cinya, damin tsinke a gefe. Aka kashe layi, aka jingina tsani. Dogo ya jawo doguwar sandar turewa daga bayan mota. Tsohon ya ajiye hular a kan dutsen. Ya miƙe ya ɗauki bel ɗin da ke ƙasa ya zagaya shi a ƙugu. Ya nemi ramin bel ɗin sau uku bai samu ba. Injiniya ta buɗe baki za ta yi magana, Dogo ya riga ta.

"Kai wane irin mutum ne? So kake ka faɗo a ce mu muka kashe ka?"

Ya jefar da sandar, ya fizge bel ɗin, ya fizge hular ya kifa a kansa. Ta yi masa kaɗan, ta tsaya a tsakiyar kai, masu walda da suka fito kallo suka kwashe da dariya. Ya ɗaure tsinken a ƙugu ya fara hawa yana ƙunƙuni.

"Kada ka waiwaya!" tsohon ya ɗaga murya daga ƙasa. "Bar shirwar da idon baya. Fara da wayar ƙasan nan mai tsatsa. A hankali, ba ƙusa kake cirewa ba! To cusa tsinken. Danna. Ta zauna?"

"Ta zauna! Wallahi 'ya'yan suna kallona, Yaya. Munana da su."

"Kai ma haka suke cewa. Ci gaba."

Ba a taɓa jin tsohon ya yi magana mai yawa haka ba. Shirwar ta taho wa Dogo sau biyu, ta ga idanu, ta karkace. Guntayen waya suna ta faɗowa a kan kwalta. Injiniya na duban agogo tana duban sama. Tsohon kuwa ya matso har gindin falwayar, ya ɗaga kai, sanƙonsa a buɗe yana ƙyalli, ya manta sarai cewa yau ba hula a kansa.

Ba wanda ya ga tahowar shirwar. Sai ji aka yi fat, tsohon ya dafe ƙeya ya durƙusa. Jini ya biyo ta tsakanin yatsunsa. Injiniya ta rugo da hankici, tana cewa a kawo akwatin magani. Da ta ɗago shi sai ta ga dariya yake yi, hawaye na bin kumatunsa.

"Ta gane ni," ya ce. "Duk mutanen nan, ni ta zaɓa."

Saura minti shida awa ta cika Dogo ya sauko, rigarsa sharkaf da gumi. Aka mai da wuta, injin niƙa ya tashi. Sheƙar na nan daram, kawuna biyu na leƙowa. Tsohon, da auduga manne a ƙeya, ya miƙa hannu a ba shi hularsa.

Dogo ya cire ta, ya juya ta ya dubi idanun. Fentin ɗaya ya fara ɓarewa. Ya goge shi da babban yatsa, sannan ya saƙale hular a hammata.

"Ta yi mini kaɗan," ya ce, "amma zan sassauta maɗaurin. Yaushe ka ce ake sake hawa?"