Baffana da Aka Ce Ya Tafi Gabas

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa a wannan dandali ba tare da na ce uffan game da kaina ba. Yau na ga ya kamata in yi magana, tun da sauran numfashi.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ina koyarwa a Kaura Namoda, barci ya ƙaurace mini. Abinci ya fita raina. Daga baya na soma jin ana kiran sunana a cikin aji, in waiwaya, babu kowa sai ɗalibai suna kallona.

An yi mini ruƙiyya, na sha rubutu, na sami sauƙin zuciya, amma kiran bai daina ba. Ƙanena ya sayar da sansa ya kai ni asibitin masu taɓin hankali. Aka ɗebi jini, aka kwantar da ni, kullum da safe a ba ni ƙwaya, a tsaya sai an ga na haɗiye.

Likita ya tambaye ni: "Malam, akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a danginku?"

Na ce babu, domin iyakar sanina ke nan.

Bayan an sallame ni, na je Shinkafi gaida Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina. Ta daɗe tana duban idona, sannan ta ce: "Haka idon Garba ya koma kafin a ɗauke shi."

Baffa Garba ƙanen mahaifinmu ne. Tun muna yara a Zurmi aka gaya mana ya tafi Gabas da ƙafa, aikin Hajji, bai dawo ba. Har alfahari muke yi da shi.

"Wane Gabas?" in ji ta. "Jirgin ƙasa na Kaura anka sa shi, da igiya ga hannu. Ni na ɗaure mai ƙunshin ƙuli-ƙuli."

Tun daga ranar tsoro ɗaya ya zauna mini: abin da ya same shi, shi ne ke jirana. Na ƙudura sai na san ƙarshensa.

Tsohon asibitin da Gwaggo ta ce an kai shi bai yarda ya buɗe mini komai ba sai da wasiƙar likitana da shaidar dangantaka. Don samun shaidar, na tsaya gaban alƙali na faɗi da bakina abin da gidanmu ya rufe tun kafin in yi wayo. Wannan ya fi mini kwanciyar asibiti wuya.

A ɗakin ajiyar takardun asibitin aka duba sunan Garba Zurmi, babu. Har na miƙe, ma'aikacin wurin ya tambayi inda Baffa ya hau jirgi. Ashe a wancan zamani duk wanda aka ɗauko daga tashar Kaura, Kaura ake rubuta masa, ko daga wane gari ya fito.

Garba Kaura kuwa ba ɗaya ba ne. Wani ya rasu a can. Wani an sallame shi, ba a rubuta inda ya nufa ba. Wani takardarsa ta tsaya a tsakiya, gara ta cinye sauran. Babu sunan uba, babu hoto.

Na koma wa likita da wannan. Ya ce: "Ko wanne ne naka, bai sami maganin da kake sha ba, kuma ba a kai shi da wuri ba. Kai an kawo ka."

Ban daina magani ba tun daga lokacin. Na koma aji har na yi ritaya. Gwaggo ta rasu tana tambayata ko na same shi, ban iya ce mata i ko a'a ba. Har yau nakan tuna wanda aka sallama, in ce ko ya kama hanyar gida.

Na gode wa Allah, na gode wa ƙanena da iyalina da ba su ɓoye ni ba.

Shawarata: ku haɗa addu'a da asibiti, kada ku yanke magani don kun ji sauƙi. Ku tambayi tsofaffinku tun suna raye. Mai neman takardun wani nasa ya tafi da wasiƙar likita da shaidar kotu, ya nema da sunan garinsu da kuma na tashar da ya hau.

Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Garba Kaura a addu'a, dukkansu. Ɗaya namu ne. Sauran, ma'aikacin ya ce mini babu wanda ya taɓa zuwa tambayarsu.