Sunan Da Umma Ta Ƙi Faɗa

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a Kuala Lumpur, zafinta da ruwan samanta da shinkafar mamak, ta shagunan abincin Indiyawa, da na ci har ta fita raina, ba zan taɓa manta ranar da na je canza suna a fasfona ba. Shekaru sun ja yanzu, na shiga ofisoshi da yawa na fita, amma babu ranar da ta girgiza ni kamar wannan.

Bari in fara da abin da mutane ke son ji, don na san halinmu, in ban faɗa ba ba za a saurari sauran ba. A Kano aka haife ni. Ungozoma ta duba ta ce mace ce, aka yanka rago aka raɗa min sunan mata. A haka na tashi, da ɗankwali da islamiyya da wanke-wanke. Sai dai tun ina ƙarami na san akwai abin da bai zauna daidai ba, ko da yake ban san da wane suna zan kira shi ba. Da na balaga jikina ya kama tasa hanyar: murya ta buɗe, gashi ya fara tsirowa a haɓa, abin da 'yan mata ke jira bai zo ba. Na koma sa niƙabi. 'Yan unguwa suna ta yaba ustazancina, ni kuwa gemu nake ɓoyewa. Sai da na zo Malesiya karatun digiri na biyu na samu ƙarfin halin zuwa asibiti. Bayan gwaje-gwaje likitoci suka ce ina cikin waɗanda a gida ake kira mata-maza, kuma halittata ta fi rinjaya wajen namiji. Ban yi mamaki ba, takarda kawai suka ba ni a kan abin da na daɗe da sani.

Na tashi daga unguwar Pantai Dalam, inda kowa ya san ni da niƙabi, na koma unguwar Danau Kota na kama ɗaki. Na zaɓa wa kaina suna, na sayi riguna da wanduna, na fara tsayawa a sahun maza. Sannan na kira gida. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, don haka Umma ce komai namu. Na zayyane mata abin da likitoci suka ce da abin da na yanke. Ta saurare ni har na kai ƙarshe, ta ce, "To," ta miƙa wa ƙanwata wayar. Daga ranar ban sake jin muryarta ba. In na kira, ƙanwata ce ke ɗauka, ta ce Umma tana salla, ko tana maƙwabta, ko ta ce a gaishe ni. Watanni suka shuɗe a haka. Wannan "To" ɗin na juya shi a raina ta kowace fuska, ban gane ko na amincewa ba ne ko na sallama.

Ana cikin haka fasfona ya kusa ƙarewa, bizar karatuna kuma a jikinsa take. Ga hoton yarinya da hijabi, ga sunan mata, ga alamar mace, ga ni da gemu. Duk inda aka ce in miƙo fasfo, banki ne ko ofishin makaranta, sai gumi ya karyo min. Na kasa zama wuri ɗaya. In buɗe littafi in rufe, in sauka ƙasa in yi tapau, wato in sayo abinci a ƙunshe, in hau sama abincin ya huce ban taɓa shi ba. In fasfon bai gyaru ba, ko dai in koma cikin hijabi ko in bar karatu in koma Kano, gidan da ban san ko ƙofarsa a buɗe take gare ni ba.

Akwai wani ɗan kasuwa ɗan garinmu a unguwar, muna ce masa Alhaji, mai sayar wa ɗalibai garin tuwo da daddawa, kuma shi ke yi musu cuku-cukun takardu. Yana cikin mutane ƙalilan da suka san labarina, kuma bai taɓa canza min fuska ba. Da na kai masa kukana sai ya jawo kujera ya rage murya.

"Malam, ka saurare ni. Kada ka tono wa kanka rigima. Ka aske gemun nan, ka sa hijabi, ka je a yi maka capturing, ka fito. One day only, lah. Wa ya sani?"

"Alhaji, ni zan sani."

"To ai kai kaɗai ne. Ka fi son a mayar da file ɗinka Abuja ya kwana can?"

Ba zan ɓoye ba, maganarsa ta shige ni. Washegari na hau jirgin LRT na sauka unguwar Masjid India, na shiga layin masu atamfa da hijabai ina zagaye kamar wanda ya yar da wani abu. A wani shago na ɗauki baƙin hijabi, irin wanda na saba sawa, ina juya shi a hannu. Mai shagon, wata dattijuwa Bamalesiya, ta yi murmushi ta tambaye ni ko na matata ne. Na tsaya ina kallonta. Wannan baiwar Allah ba ta san ni ba, ta dube ni sau ɗaya ta ga namiji, ni kuma ina shirin biyan kuɗi in ƙaryata idonta. Na ajiye mata kayanta na ba ta haƙuri. A hanyar komawa har na wuce tashata ban lura ba.

Na haɗa abin da ake nema: rahoton asibiti, takardar rantsuwa ta kotu, da sanarwar canjin suna a jarida, wadda ƙanwata ta yi ta zirga-zirga a Kano har ta fito. Ranar da aka sa min na je ofishin da 'yan ƙasarmu ke sabunta fasfo. Ɗakin jira cike yake da ɗalibai, ana ta hira da Turanci da buroka. Na zauna, na tashi, na leƙa waje, na dawo. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne da sunan da ke cikin fasfo ake kiran mutum. Aka kira sunan matan nan da ƙarfi. Na miƙe. Wani yaro ɗan digirin farko da ke gefena ya ce, "Bros, na your sister dem dey call?" Na wuce ina jin idanu a bayana.

Jami'in da na samu dattijo ne ɗan kudu, amma a barikin soja a Kaduna ya girma, Hausa a bakinsa ba laifi. Da ya buɗe fasfon ya dube ni, sai ya tashi ya shigar da ni wani ƙaramin ofis ya rufe ƙofa. Har gobe ina yi masa addu'a saboda wannan ƙofar da ya rufe. Aka ɗauki zanen yatsuna, ya yi daidai da na mai fasfon. Ya karanta takardun a tsanake, ya cire tabarau.

"Ban ce ƙarya kake ba. Amma wannan ya fi ƙarfina, Abuja zan tura da recommendation. Kafin in sa hannu, I must hear from your parents. Kada gobe family su zo su ce mun ɓatar musu da 'ya. Baba yana nan?"

"Ya rasu, ranka ya daɗe."

"Allah ya jiƙansa. Mama fa?"

"Tana Kano."

"Kira ta. Video."

Na ce yanzu? Ya ce yanzu. Azahar ta wuce a Kuala Lumpur, a Kano kuwa safiya ce. Na kira ƙanwata. Ta ɗauka ta ce, "Yaya, lafiya?" Na gaya mata a gurguje. Sai na ga hoton yana tafiya, ga tsakar gidanmu, ga randa, ga igiyar shanya, ga Umma a kan tabarma da carbi, kofin koko a gabanta. Na miƙa wa jami'in wayar ya riƙe yadda za ta gan mu mu biyu.

Ya gaishe ta da ladabi, ta amsa. Ya ce, "Mama, kin san wannan?" Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ranar ta fara ganina da gemu. Ta kau da kai ta ce, "Na sani."

"To Mama, faɗa min sunansa."

A nan ne abin ya faɗo min a rai. Ni ne ɗan farinta. Duk shirin da na yi, da duk takardun da na tara, ban tuna da wannan ba. Umma irin matan nan ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce min, ko ta ce wa ƙannena "ku kira yayarku". Ko wata yarinya ce a unguwa mai suna irin nawa, sai ta laƙaba mata wani abu daban. Yanzu ga baƙo, namiji, a waya, yana cewa ta faɗa.

Ta yi shiru tana jan carbi. Jami'in ya sake tambaya, ta ja mayafi ta rufe gefen fuska. Shi ya iya harshen, amma wannan al'adar bai san ta ba, don haka shirun nata ƙi ya ɗauke shi. Gaskiyar magana ni ma ban san wane irin shiru ba ne, na kunya ko na fushi. Na buɗe baki zan yi masa bayani, ya ɗaga min hannu ya ce, "Don't coach her." Na haɗiye maganata.

Sai ya sauya tambaya. "To Mama, sunan da ke cikin tsohon fasfo fa, kin san shi?"

Umma ta faɗe shi. Ta faɗe shi tiryan-tiryan, har da sunan mahaifinmu a ƙarshe, ba gargada. Sunan da na shekara ashirin da wani abu ina amsawa, ranar na fara jin yadda yake fita daga bakinta. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki amma rigata ta jiƙe. Na ce a raina shi ke nan, ta zaɓa, 'yarta take so, ni ba ta san ni ba. Na ji ƙanwata ta fara shessheƙa a bayan wayar. Jami'in ya yi ajiyar zuciya, ya fara haɗa takarduna wuri ɗaya.

"Malam, tsaya, ban gama ba," in ji Umma. Muryarta ba ta tashi ba. "Wannan sunan da ka ji na faɗa, na faɗa ne don yanzu ba mai shi a gidana. Da yana da mai shi da ba ka ji shi a bakina ba. Wanda yake amsawa yanzu kuwa, kada ka sa ni abin kunya da safiyar Allah. Ɗan fari ne. Ko gaban alƙali ka kai ni ba zan faɗa ba." Ta juya wajen ƙanwata. "Ke, gaya masa sunan yayanku."

Ƙanwata ta faɗi sabon sunana tana kuka. Umma ta gyaɗa kai ta ce, "Shi ne. Ni na haife shi." Ta ɗauki kofin kokonta, ta ƙara da cewa, ba tare da ta dube ni ba, "Ki tambaye shi, a garin da yake ba a sayar da abinci ne? Dubi wuyansa."

Ban san lokacin da na kifa kai a tebur ba. Na yi kuka a gaban mutumin da ban taɓa gani ba sai ranar, kuma ban ji kunya ba. Shi kuwa ya rikice, ya tambayi ƙanwata me ake nufi, ta yi masa bayani cikin hawaye da dariya. Sai ya ce akwai wata maƙwabciyarsu a bariki da ba ta taɓa kiran babban ɗanta da suna ba, su duk sun ɗauka ba sa shiri ne. Ya mayar da tabarau ɗinsa, ya jawo takardun ya sa hannu.

Fasfon bai fito da wuri ba. Na sha jira, na sha sintiri, Alhaji ya sha ce min da na bi shawararsa da tuni na huta. Amma jiran bai ƙara hana ni cin abinci ba. Da fasfon ya iso na buɗe na ga fuskata da sunana da alamar namiji, na yi hamdala. Na san kuma akwai waɗanda abin da ke ransu irin nawa ne, amma ba su da takardar asibiti da za su ajiye a tebur, ba su da uwar da za ta tsaya musu. Ina yawan tuna su, don na ɗanɗani zaman da suke yi.

Abin da na koya shi ne kada in yi saurin yanke wa shirun mai ƙaunata hukunci. Na shafe watanni ina jiran Umma ta karɓe ni da irin kalmomin da ni nake so, alhali ita da kunyarta take karɓar ɗa, kuma ta riga ta ba ni wannan kunyar ban sani ba. Har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ina roƙon Allah kada ranar da za ta kira ta zo.