Zoben Tayar Soji da Yatsuna Biyu

Ni dai na yarda wawa ne, amma ku bari in faɗa da bakina, kada wani ya riga ni. Idan kun ga rubutuna ya karkace, abu biyu ne: lakkwal, wato makarantar boko, aji biyu na yi aka koro ni, kuma da yatsu uku nake riƙe alƙalami. Lokacin da abin ya faru na haura shekara sittin, ina yanka takalman taya a kasuwar Madarounfa, kuma duk mai noma daga Safo zuwa Sarkin Yamma ya san ƙaya ba ta huda aikina. Wannan yabo shi ya kumbura mini kai.

Wata rana a wurin masu tsoffin ƙarafa a Maraɗi na ci karo da tayu biyu na kamiyon soji, babbar motar nan tasu, tsayinsu ya kai mini ƙirji, ko rabin cinyewa ba su yi ba, na saye su. Wani direba mai bin hanyar Ɗan Issa ya ce yana so, in dai za a raba su da abin da ke ciki. Ashe soji na sa wani zoben roba mai taurin dutse a cikin tayarsu, don ko harsashi ya huda ta motar ta ci gaba da tafiya. Zoben ya fi bakin tayar faɗi, sai an matse shi yake fita. Wani mai facin taya ya ce mini in ba injin matsewa ba, shi ko taɓawa ba ya yi. Na ce masa hannun mutum ya sa shi, hannun mutum zai fid da shi. Na kuma maimaita a majalisa bayan la'asar, gaban kowa.

Taubashina, mai shanun jan ruwa a lambu, ya ce tunda wuƙa ce sana'ata in tsaga tayar in yi takalma in huta. Na ce masa shi da shanunsa hankalinsu ɗaya, ya dai kawo su da safe. Na ratsa igiyar rijiya a tsakiyar zoben, na sa taɓaryar uwargida ina murɗawa har ya lanƙwashe kamar ƙwai. Maimakon man inji sai na kwashe kuɓewar miyar ranar na dama, na shafe bakin tayar da yauƙi. Muka ɗaure tayar a gindin itacen bedi, muka ɗaura zoben a bayan shanu, muka ja yadda ake jan guga. Wallahi dabarar ta ci, don rabinsa ya leƙo waje. Sai ya tsaya. Taubashina ya ce in ja da baya, ni kuwa na cusa hannun dama don in ƙara yauƙi. Igiyar da ta shekara tana shan ruwan rijiya ta tsinke. Taɓarya ta tashi ta fasa randa, zoben ya buɗe ya haɗe hannuna da bakin tayar.

Ban yi ihu ba, numfashin ma babu. Shanu ba su iya ja, don da hannun za su tafi. Hanya ɗaya ta rage, wadda na raina: a tsaga tayar. Ina durƙushe ina nuna wa taubashina inda zai sa wuƙata, shi da bai taɓa yanka ko silifa ba, yana yi yana kuka yana zagina. Da ya kai ga wayoyin da ke bakin tayar sai da aka kira maƙeri. A asibiti likita ya ce manuniya da ta tsakiya sun mutu, sauran ukun in gode Allah.

Wata huɗu ban riƙe wuƙa ba, kuma na ji ana cewa tsohon ya gama. Na koya wa sauran yatsun aiki, daga tayar da ta cije ni na fara yanka takalma. Ta biyun kuwa ban bar ta ba. Na aro kirik na ɗaga mota da sarƙar ƙarfe, na tsaya can nesa, na fid da zobenta, tayar tana nan lafiya. Yanzu a kansa nake zama a ƙofar gida, masu cewa na gama su gaishe ni a kai.

Ga masu sha'awa, ban ce zoben ba ya fita ba. Amma abin da aka matse da ƙarfi neman komawa yake, kuma ba ruwansa da furfura. Kada ku amince wa igiya, kada hannu ya shiga inda sanda za ta iya shiga, in kuma akwai inji a kusa ku kai can, ba ragwanci ba ne.

Ranar da na fid da na biyun na kira uwargida ta zo ta gani. Ta dubi zoben, ta dubi hannuna, ta ce ita yanzu ta gane: irin wannan zoben ne a cikin kaina, shi ya sa aka huda ni ban tsaya ba, kuma tana jiran ta ga shanun da za su ciro shi. Ta ɗauki taɓaryarta ta shige. Yau shekara uku ban ba ta amsa ba.